Idan agogon RPM na tsohuwar a-kori-kura ya fara ƙarya: tambayoyi da amsoshi

Agogon RPM, wato wanda ke nuna yawan juyin inji a minti ɗaya, yana cikin kayan da ke fara rikicewa idan mota ta kwana biyu. Wani ya riƙa ƙara lamba, wani ya rage, wani allurarsa ta kama rawa, wani ya mutu ɗif sai an daki dashbod ya farka. Tambayoyin nan su ne masu tsofaffin a-kori-kura suka fi yi a kansa. Amsoshin sun haɗa masu fetur da masu dizal, inda hanyarsu ta rabu kuma an faɗa.

Ta ina zan gane cewa agogon ne ke ƙarya, ba injin ne ke da laifi ba?

Fara da kunnenka. Idan allura ta yi tsalle daga 800 zuwa 2,500 amma ƙarar inji tana nan yadda take, motar ko gezau, to injin ba ruwansa. Inji ba ya ninka gudunsa uku a ɓoye. Idan kuwa duk lokacin da allura ta faɗi kai ma ka ji injin ya shaƙe yana neman mutuwa, gaskiya agogon yake gaya maka, sai ka ƙyale shi ka koma binciken wuta da mai.

Sai dai kunne babbar ƙarya kawai yake kamawa. Ƙarama, irin ta 300 ko 400, sai da ma'auni na biyu. Akwai maltimita mai ɗan maƙalli da ake cafke wayar fulogi ta ɗaya da shi. Akwai fitilar taimin mai nuna lamba a bayanta. Akwai kuma na'urar hannu mai haske, wadda ake liƙa ɗan tef mai ƙyalli a jikin fulin karanshaf a auna ta gare shi. Wannan ta ƙarshen na fi so, domin babu abin da ya haɗa ta da wayarin motar, kuma ita ce ke yi wa dizal, wanda ba shi da wayar fulogin da za a cafke. Idan motar tana da soket ɗin OBD-II mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, wanda ya zama dole a ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka tun samfurin 1996, na'urar sikanin za ta nuna maka lambar da ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta, ke gani.

Bari inji ya yi zafi, giya a firi, birkin hannu a sama. Ka auna a wuri uku: a silo (inji yana aiki ba a taka totur ba), a wajen 1,500, sai wajen 3,000. Wani ya riƙe totur yana karanto agogon mota, kai kana karanta naka, a rubuta su gefe da gefe. Ka naɗe hannun riga, fanka da bel ba sa jiran kowa.

Na auna, na rubuta. To sai me?

Wannan 'yar takardar ta fi maka duk wani kayan gyara da za ka saya amfani, domin yanayin ƙaryar shi ke nuna inda cutar take. Mafi yawan waɗanda suka sayi kwayil, suka sayi sensa, suka sauya agogo, ƙaryar tana nan, wannan matakin suka tsallake.

Duba bambancin lambobin. Idan ƙarin iri ɗaya ne a ko'ina, wato inji yana 800 agogo ya ce 1,100, yana 1,500 ya ce 1,800, yana 3,000 ya ce 3,300, to lissafin agogon lafiya lau yake. Allurar ce ta zame a kan sandarta, ko wani ya taɓa zare ta bai mayar daidai ba. Wannan shi ne mafi sauƙin gyara.

Idan bambancin yana girma tare da gudun inji, kuma da ka raba lambar agogo da ta gaskiya ka sami amsa mai tsafta, ninki biyu, ko rabi, ko ɗaya da rabi, ko kashi uku cikin huɗu, to agogon yana ƙirga wa injin silinda da ba nasa ba ne. Babu abin da ya lalace, rashin dacewa ne.

Idan yana girma tare da gudun amma rabon ba mai tsafta ba ne, yau 1.2, gobe da rana ta take 1.3, ka zargi katin lantarkin da ke cikin agogon. A dizal mai ɗaukar saƙo daga altaneta kuwa, fuli da bel za ka fara dubawa.

Idan ba shi da tsari sam, yanzu daidai, anjima ya yi sama, anjima ya kwanta, wannan aikin waya ne: haɗi ya saki, as (wayar da ke mayar da wuta ta jikin ƙarfen mota) ya yi tsatsa, ko wata wuta tana kutsowa cikin wayar saƙo.

Wai daga ina agogon yake samun labarin juyin inji?

Ba juyi yake gani ba, bugun wuta yake ƙirgawa. A tsofaffin masu fetur, waya ɗaya ce ke tasowa daga ƙafar kwayil mai alamar ragi, wadda a wayarin irin na Jamus ake sa wa lamba 1. Duk lokacin da kwantak ko modul ya yanke wutar kwayil don fulogi ya tashi, bugu ɗaya ya tafi agogo. A inji mai zagaye huɗu, kowace silinda tana tashi sau ɗaya ne a juyi biyu na karanshaf. Saboda haka mai silinda 4 yana ba da bugu 2 a kowane juyi, mai 6 yana ba da 3, mai 8 yana ba da 4.

Wurin da wayar ke fita ya bambanta. A distiributar HEI, marar kwantak, da kamfanin General Motors (GM) ya game motocinsa da ita daga 1975, ƙafar tana jikin murfin, an rubuta TACH a kanta, kusa da BAT. A Toyota masu igniter, wato modul ɗin da ke yanke wutar kwayil, daga can saƙon ke fitowa. Da aka shigo zamanin ƙwaƙwalwa, sai sensar karanshaf ta ba ƙwaƙwalwa, ita kuma ta aika wa agogo. Dizal ba shi da kwayil, don haka nasa daban ne, yana nan tafe a ƙasa.

Ƙaryar tawa mai tsari ce: inji yana 1,000, agogo yana cewa 1,500 cif.

Agogon silinda 4 ne aka haɗa da inji mai 6. Yana jiran bugu 2 a juyi, ana aiko masa 3. Sauran haɗe-haɗen ma haka lissafinsu yake. Agogon 4 a kan inji mai 8 zai ninka, 1,000 ta zama 2,000. Agogon 6 a kan mai 8 zai ce kusan 1,330. Agogon 8 a kan mai 6 zai ce 750, a kan mai 4 ya ce 500. Agogon 6 a kan mai 4 zai ce kusan 670.

Tambayi kanka me aka sauya a motar. Tsohuwar a-kori-kura ba kasafai take kai wannan shekarun da kayanta na asali kaf ba. Ko an ɗora mata wani inji, ko an ciro gidan agoguna daga wata motar da ta yi kama da ita. Masu Toyota na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 sun san wannan: gidan agogunan mai V6 3VZ-E yana zama daram a dashbod ɗin mai injin 22R-E mai silinda 4, soket ya shiga, fitilu su kama, amma RPM ya riƙa ragewa sai an saita shi.

Idan agogon na ƙari ne da aka ɗaura a kan dashbod, juya bayansa. Galibi akwai ɗan makunni mai 4, 6, 8. Ko da yana kan lambar da ta dace, ka motsa shi gaba da baya sau da yawa ka mayar, domin datti a cikinsa kaɗai yana sa agogo ya karanta wata lamba daban.

Ma'aunin naka ma yana iya yaudararka. A injin da kwayil ɗaya ke ba fulogi biyu wuta lokaci guda, kowane fulogi yana tashi a kowane juyi, don haka maƙallin da ke kan wayar fulogi zai nuna ninki biyu idan ba a sauya masa saiti ba.

Allurar rawa take yi, wani lokaci ta cilla har ƙarshe ta dawo. Me ke kawo haka?

Nan ne aikin yake, domin masu laifin suna da yawa. Bi su daga mai arha.

Inji yana silo, wani ya zuba wa allura ido, kai kuma ka bi wayar saƙo kana girgiza ta gaɓa-gaɓa, daga kwayil zuwa inda ta ratsa ƙarfen da ya raba inji da gidan direba. Ka riƙe robar wayar, kada yatsa ya taɓa ƙafar kwayil, domin duk da wayar volt 12 ce a suna, tana yin tsalle zuwa ɗaruruwan volt a kowane bugu. Wurare biyu ne suka fi cin amana: bakin tamina, inda zaren tagulla ke karyewa a cikin roba daga waje kuma ka ga waya lafiya, da ramin da ta ratsa, inda robar kariya ta ruɓe ƙarfe ya goge ta. Ka ja taminar a hankali. Idan robar ta miƙe, tagullar ciki ta riga ta tsinke.

Sai as. Ka kwance wayar da ta haɗa inji da bodi da wadda ta haɗa batir da bodi, ka kankare su da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tamau. Bayan an sauke inji an mayar, wannan 'yar wayar ta bayan inji ita ake yawan mantawa a rataye.

Idan rawar tana nan, duba ko wayar saƙo tana tafiya manne da wayoyin fulogi. Wutar fulogi ta kai dubban volt, tana shiga maƙwabciyar waya ba tare da sun haɗu ba, agogo kuwa ya ƙirga ta a matsayin bugu. Raba su da tazara, idan dole su haɗu su gitta juna. Wayoyin fulogi masu zallar ƙarfe a ciki sun fi masu razista hayaniya nesa ba kusa ba, haka ma tsofaffi da suka tsattsage. Buɗe bonet a cikin duhu inji yana aiki, idan ka ga shuɗin tartsatsi yana yawo a jikinsu, ka sami ɓarawonka. Wasu motocin GM sun zo da ɗan tacen hayaniya a kan wayar TACH, wani ƙaramin gwangwani da aka ɗaure a jikin inji. Idan an cire shi, ko ɗaurinsa ya daina samun as, allura ba za ta zauna ba.

A mota mai kwantak, rawar allura takan zama saƙo na gaskiya. Kwantak da ya ƙone, kwandensa da ta gaji, sifirin da ya yi laushi yana sa kwantak ya yi ta billa idan gudu ya yi sama, ko sandar distiributa da ta yi lako-lako, duk suna aika ƙarin bugu ko su haɗiye wani. Cire murfi ka girgiza sandar gefe da gefe. Idan ka ga bakin kwantak yana buɗewa saboda girgizar, ba agogo ne ke neman gyara ba.

Na ƙarshe, altaneta mai mataccen dayod yana watsa wuta marar tsafta a duk wayarin. Saka maltimita a AC ka ɗora a kan batir inji yana aiki da fitilu a kunne. Idan ya doshi rabin volt, a duba altanetan.

Da na kunna fitila ko sigina sai allurar ta motsa. Aljanu ne?

As ne. Fitilun dashbod da agoguna sukan yi tarayya a wayar as ɗaya. Idan ta yi tsatsa, wutar fitila ta rasa hanyar komawa sai ta bi ta cikin agogo. Gwajin ba wuya: maltimita a DC, baƙar waya a kan ragin batir, ja a kan as ɗin agogo, fitilu a kunne. Abin da ya wuce volt 0.2 ya yi yawa. Idan ba ka son mita, jawo sabuwar waya daga as ɗin agogo zuwa tsaftataccen ƙarfe ka ga ko allurar ta nutsu.

Tawa dizal ce. Ina zan duba?

Fara gano irin hanyar da taka take bi, domin iri biyu ne manya.

Na farko daga altaneta, ta ƙafar da ake sa wa W. Agogon yana ƙirga juyin altaneta ne, ya yi lissafi ya fito da na inji. Yawancin altanetocin mota suna ba da bugu 6 a kowane juyinsu, fuli kuma yana sa su juya sau biyu zuwa uku a kan kowane juyin inji. Ka ga ke nan duk abin da ya taɓa bel ko fuli ya taɓa agogo. Bel ya saki yana sulɓi, agogo ya rage, musamman da safe ko lokacin da fitilu da fanka suka ɗora wa altaneta nauyi. An sauya altaneta, tsohon fulinsa milimita 70, sabon 60, agogo zai ƙara kusan kashi 17 cikin ɗari, inji yana 2,000 ya ce wajen 2,330. Ko a mayar da tsohon fulin, ko a saita agogon. Irin wannan agogon ne kuma ke kwanciya a sifiri bayan an tayar da mota sai an ɗan taka totur ya farka, saboda altanetan bai fara caji ba. Idan hakan sabon hali ne, duba ƙwan fitilar caji na dashbod, domin a tsofaffin motoci ta cikinsa ake tayar da altaneta.

Na biyu sensa mai maganaɗisu da ke ƙirga haƙora ko tsagu. A Ford masu injin lita 6.9 da 7.3 na kafin samfurin Power Stroke, tana kan gidan giyar da ke juya famfon mai. A Dodge masu injin Cummins na tsakiyar shekarun 1990, tana gaban inji tana karanta tsagun da ke jikin babban fulin karanshaf, tazararta kuma kusan inci 0.050 ce. A waɗannan Dodge ɗin, idan sensar ta daina gani, ba agogo kaɗai ke ɗaukewa ba, har caji da AC mai sanyaya mota sukan bi shi, mutum ya yi ta sauya altaneta a banza. Irin waɗannan sensa sukan tara garin ƙarfe a hancinsu, wayarsu ta jiƙe da baƙin mai ta bushe ta karye. Cire ta, goge ta, auna ta da mita ka gwada da abin da littafin motar ya ce, ka mayar da tazara daidai. Alamar tazara ta yi yawa ita ce agogo ya mutu a silo ya dawo idan an taka totur.

Na cire kwantak na sa wutar lantarki ta zamani, tun ranar agogon ya haukace.

Idan akwatin wuta irin na kamfanin MSD ne, dalilin a fili yake. A ƙasa da 3,000 yana harba tartsatsi da yawa a jere maimakon ɗaya, kuma wutar da yake tura wa kwayil ta fi ƙarfin agogo. Cire wayar saƙo daga kwayil nan take, ka kai ta ƙafar da akwatin ya tanada wa agogo. Wasu agogunan asali ba sa jin wannan saƙon saboda sun saba da babban bugun kwayil, su sai an haɗa musu da adafta.

Ya mutu gaba ɗaya, ko motsi ba ya yi.

Abu uku yake buƙata: wuta, as, saƙo. Fis tukuna. Idan agogon mai da na zafi su ma sun kwanta, matsalar ta gidan agoguna ce duka. Idan shi kaɗai ne, fito da gidan ka dubi bayansa. Tsofaffin motoci da yawa suna da wata 'yar shimfiɗar roba mai layukan tagulla, wadda ke ɓarewa a bakin soket. Sau da yawa za ka ga layi ɗaya ya naɗe ko ya yi kore.

Saƙon kuma ana iya auna shi idan mitarka tana karanta Hz, wato yawan bugu a daƙiƙa, kuma saƙon daga modul ko ƙwaƙwalwa yake fitowa. Ninka RPM da yawan silinda ka raba da 120. Inji yana 900, mai silinda 4 zai ba da 30, mai 6 ya ba da 45, mai 8 ya ba da 60. Lambar ta iso soket daidai, wuta da as suna nan, allura a kwance: agogon ne.

A mota mai ƙwaƙwalwa, idan agogo ya faɗi sifiri a daidai lokacin da inji ya mutu yana tafiya, ya ƙi tashi sai ya huce, sensar karanshaf za ka nufa.

Shin lalataccen agogo yana iya kashe mota?

Ƙwarai, idan daga kwayil yake sha. Wayar saƙonsa tana kan ƙafar da ake yankewa don fulogi ya tashi. Ta goge ta taɓa bodi, ko agogon ya haɗe a ciki, kwayil ba zai ƙara ba da wuta ba, kuma modul yana iya ƙonewa. Mota mai shaƙewa tare da allura mai hauka, zare wayar agogo daga kwayil ka naɗe bakinta ka gwada tafiya. Idan injin ya warke, ka san inda za ka bi.

Da sanyi daidai yake, idan mota ta yi zafi sai ya fara ƙari. Ana gyara irin wannan?

Ana gyarawa. Katin cikin agogon yana juya kowane bugu zuwa wata 'yar wuta mai ƙayyadadden tsawo, razista da kafasita ne ke ƙayyade tsawon. Shekara talatin na zafin dashbod yana busar da kafasita, ya sauya ƙarfin razista, ya tsattsaga dalmar da ke riƙe da ƙafafu. Agogunan GM na ƙarshen shekarun 1970 da na 1980 sun yi suna a nan, sannu a hankali suke ƙara lamba har mutum ya ga 2,000 a silo. Da gilashin ƙara girma za ka ga tsagewar dalma, wani siririn zobe ne kewaye da ƙafa, galibi a ƙafafun soket. Agogon da ke farkawa idan an daki dashbod kusan kullum wannan ke damunsa. Mai gyaran rediyo ya fi makaniki dacewa da aikin.

A-kori-kurar GM ƙirar Silverado da Sierra na 2003 zuwa 2006 nasu ciwon daban ne. Wasu 'yan ƙananan injinan lantarki ne ke juya alluransu, kuma su ne ke lalacewa, allura ta maƙale ko ta wuce ƙarshen lambobi. Ana sauya su da masu lamba X27.168, kuma tunda an buɗe, gara a sauya duka.

Idan na kashe mota allurar ba ta komawa sifiri.

A agoguna da yawa haka aka yi su, ba su da sifirin ɗin ƙarfe (spring) da ke jawo allura. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Idan ta sauko sifiri, lafiyarta ƙalau.

Ba ni da ma'auni ko ɗaya. Akwai dabara?

Akwai, idan giyar hannu ce. Ka yi wa taya alama da alli, ka tura mota ta yi juyi ɗaya, ka auna tsawon da ta ci. A ce mita 2.4. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ka riƙe kilomita 80 a awa, ka duba gudun da GPS na waya, kada ka dogara da agogon gudu na tsohuwar mota. Kilomita 80 a awa mita 1,333 ne a minti, ka raba da 2.4, taya tana juyi kusan 555. Idan rabon giyar aksul ɗinka 4.10 ne, kana giya ta huɗu wadda a yawancin giyoyi biyar ɗaya-da-ɗaya ce, inji yana wajen 2,280. Agogo ya ce 2,300, ka bar shi. Ya ce 3,000, ƙarya yake. A otomatik lissafin ba ya fita tsaf saboda sulɓin da ke cikin kwanbata.

Na sa manyan tayoyi. Su ne suka ɓata shi?

A'a. Taya agogon gudu take ɓatawa. RPM zai ragu a kan gudun da ka saba, kuma ragin na gaskiya ne.

A hawa, RPM yana tashi amma motar ba ta ƙara gudu.

Idan ƙarar inji ma tana tashi, kuloci ne ke sulɓi. A otomatik, duba man giya.

Zan iya saita shi da kaina?

Idan allura ce ta zame, eh. Cire gilashin gaba, ka bar gidan agoguna a haɗe, inji da zafinsa yana silo, ma'auninka yana nuna lambar gaskiya. Zare allurar miƙe, da matsi iri ɗaya ta gefe biyu, ka sa takarda a ƙasa don kada fuskar agogo ta karce. Ɗora ta a kan lambar gaskiya a hankali, ka gwada a 2,000 da 3,000, sannan ka danna ta zauna. Kada ka nutsa ta har ta riƙa gogar fuska. Sandar siririya ce ƙwarai, wanda ya murɗa ta da ƙarfi garin neman gira zai rasa ido.

Idan ƙaryar mai girma da gudu ce, sauya mazaunin allura ba zai yi ba, zai gyara wuri ɗaya ya ɓata sauran. Nemi ɗan sukurun saiti a kan katin, idan yana da shi. Yi wa mazauninsa na yanzu alama kafin ka taɓa. Ka saita a tsakiyar inda kake tuƙi, wajen 2,000 zuwa 2,500, ba a silo ba, domin kuskuren 30 a silo yakan zama 100 da wani abu a sama. Bayan an gama, idan ya saura bambancin 50 ko 100, ka haƙura. Agogon allura bai taɓa fin haka daidaito ba ko yana sabo.

In gyara na asali, in sa na ƙari, ko in ƙyale shi kawai?

Mota tana tafiya ba agogon RPM, da yawa ma haka suka fito daga kamfani. Amma kafin ka ƙyale shi ka tabbatar ba kwantak, altaneta, sensa ko gogaggiyar waya yake kai maka ƙara ba, waɗannan su ne ke ajiye mutum a hanya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a saita silo ko taimin da agogon da ba a gwada ba. Agogo yana ƙarin 300, makaniki ya sauke silo har allura ta ce 750, injin gaske yana 450, yana karkarwa, caji ya yi rauni, a koma ana zargin kafireta. Ga mai jan kaya da dizal kuma, wanda iyakar juyinsa ba ta da nisa, agogo mai ragi yana iya sa shi wuce iyaka a gangara yana ganin da saura.

Idan katin ne ya gaji kuma akwai mai iya dalma, na asali ya fi, ya zauna a mazauninsa. Idan babu, na ƙari yana yi. Galibinsu waya huɗu gare su: ja zuwa wutar da ke zuwa da makulli, ta bi ta fis, baƙa zuwa ƙarfe mai tsafta ita kaɗai, kore zuwa saƙo, fara zuwa fitilar dashbod. Launin yakan bambanta, don haka karanta takardar da ta zo da shi. Saita makunnin silinda kafin ka ɗaure shi, ka sa roba a ramin da wayar za ta ratsa, ka cire wayar tsohon agogon daga kwayil idan shi ake zargi da haɗewa. Na dizal kuwa, ka tabbatar wanda aka yi don ƙafar W ko don sensa ka saya, na fetur ba zai karanta ba.